HIRAR MALAM: Ya Saki Motar Samari, Ya Kama Jif

Na san wasu masu karatu za su ga kan wannan magana su ce, "Malam, me ya haɗa mu da zancen manyan motoci, mu da ko keke sai an yi adashi?" Da gaskiyarku. Amma ku dubi filin ɗakin sujada ran Lahadi a Jos ko Kaduna ko Abuja, ko ma a ƙauye lokacin Kirsimeti sa'ad da 'ya'yan gari suka dawo gida. 'Ya'yanmu ne a cikin motocin nan. Mu muka koya musu karatu, mu muka raka su ɗaurin aure. In mota ta ci gidan ɗayansu, ba gidan baƙo ta ci ba. Wanda kuma ya ke shirin sakin babur ya sayi ƙaramar mota, shi ma zai tsinci rabonsa a ciki.

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto. Ta ce tun maigidanta yana saurayi ya ke da wata 'yar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta tsere, wadda ta ke kwance da ƙasa kamar ƙadangare. Yanzu Allah ya ba su yara uku, ya kuwa yarda zai sayar da ita. Ta yi murna. Sai ga shi abin da ya ke so ya saya a madadinta wata babbar jif ce ta alfarma, mai shan gas, mai kujerun fata, 'yar Baljiyam. Kuɗin tsohuwar motar ba za su kai ba, don haka zai ci bashi a wurin aiki, ya kuma sayar da filin da suka saya domin gini. Duk sa'ad da ta buɗe baki sai ya ce, "Ai domin ku na ke yi." Tambayarta ita ce, yaya a ke yin gardama da mutumin da ya ce dominka ya ke yi?

Bari mu fara ba maigidan nan haƙƙinsa. Ya yi daidai da ya yarda ya rabu da motar samartaka. Irin motocin nan domin mutum biyu aka ƙera su, da kuma hanya mai santsi. Tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai taƙi guda ba. Ko tudun rage gudu da a ke ginawa cikin unguwa, sai sun bi shi a karkace suna gogar ciki, balle hanyar da damina ta cinye. Ina kuma yara za su zauna? A cinya. Yaron da ke cinya a kujerar gaba kuwa, in aka taka birki da ƙarfi, shi zai fara isa gilashi. Saboda haka sakin motar ba shi da aibi. Abin dubawa shi ne abin da aka kama bayan an sake ta.

Man da mu ke kira gas, wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ke ce wa gazuwal, a takarda a kan rubuta shi dizal. Wannan suna na ƙarshe na wani Bajamushe ne, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897. Bambancinsa da injin fetur ba shi da wuyar ganewa. Injin fetur yana gauraya mai da iska, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Injin gas ba ya bukatar ƙyastawa. Iska zalla ya ke zuƙa, ya matse ta sau 15 zuwa 20 har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Duk wanda ya taɓa daɗewa yana buga famfon keke ya ji yadda gindin famfon ya ke ɗumi a hannu. To, abin ke nan, sai dai an ninka shi. Domin ya jure wannan matsi, tilas a yi injin da kauri da nauyi, shi ya sa kuma ya ke da ƙarfin ja tun bai ɗauki gudu ba. Dalili ke nan da tirela da tarakta da kan jirgin ƙasa su ke shan gas. Manomanmu ma za su so su ji cewa a babban baje kolin birnin Faris na 1900 an tayar da wani ƙaramin injin irin wannan da man gyaɗa, ya kuwa yi aiki lafiya.

A dā, in an ce mota mai gas ce, kowa ya san bijimin huɗa ne, ba dokin sukuwa ba. Tana da ƙarfi, ba ta da sauri, ga ƙara, ga hayaƙi. Yanzu ba haka ba ne. An sa wa injinan wani abin hura iska da a ke kira turbo, wasu ma guda biyu. Land Cruiser da kamfanin Toyota ya yi daga 2007 zuwa 2021 tana da irin mai injin gas na lita 4.5 da silinda 8, ga kuma na Jamus da Ingila masu irin wannan ƙarfi ko fiye. In direba ya taka totur, sai ya ji an manna bayansa da kujera. A nan ne na ke so 'yar'uwarmu ta lura da kyau. Abin da mai motar tsere ya ke ƙauna shi ne wannan turin da ya ke ji a bayansa, da kuma juyowar da mutane su ke yi in ya wuce. Babbar jif mai gas tana ba shi duka biyu. Watau mai yiwuwa ne bai rabu da motar samartaka ba, ya dai sāke mata jiki ne. Ƙaramar motar tsere nauyinta tan ɗaya ne da 'yan kai, jif ɗin nan kuwa wajen tan biyu da rabi. Ƙafar da ta saba da gudu tana nan, sai dai abin da ta ke tuƙawa yanzu ya ninka nauyi, ya fi tsawo, ya fi wuyar tsayawa, ya kuma fi saurin kifewa in aka murɗa sitiyari farat ɗaya domin kauce wa rami ko akuya. Dokar hanya ba ta ƙara masa kome ba saboda girman motarsa. Kilomita 100 a awa ne iyakar motar gida a babban titi mai hannu biyu, 50 a cikin gari.

Yanzu sai lissafi, wanda shi ne abincina. Dillali zai ce maka gas ya fi fetur auki. Bai yi ƙarya ba. Lita ɗaya ta gas ta fi lita ɗaya ta fetur kai mota nesa, in girman motocin ɗaya ne. Abin da ba zai faɗa ba shi ne farashin litar. A Nijeriya gwamnati ta janye hannunta daga farashin gas shekaru da yawa kafin ta janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023. A farkon 2022 lita ba ta kai Naira 400 ba. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun shekarar, kafin tsakiyar shekara ta haura Naira 700, masu injin niƙa da masu gidan burodi sun tuna. A 2024 matatar Ɗangote ta fara sayar da gas, farashi ya ɗan sassauta, duk da haka a gidajen mai lita ta zauna bisa Naira 1,000 a waccan shekarar. Tankin irin waɗannan motoci kuwa yana cin lita 90, wasu har sun wuce 130. Ko ɗan aji huɗu zai iya wannan: 90 sau 1,000, Naira 90,000 ke nan. A cikin shekarar 2024 ɗin aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000 a wata. A lokacin, cika tanki sau ɗaya ya fi ladan wata guda na mai sharar ofis.

Wannan kuwa shi ne mai sauƙin. Juyen baƙin mai a ƙaramar mota lita 4 ne ko kusa da haka, a babban injin gas wajen lita 9. Wasu batir biyu su ke ɗauka. Kowace taya kuɗinta ya isa a yi wa yaro rajistar jarrabawa har a sami canji. Wasu jif na alfarma ma ba a kan sifirin su ke zaune ba, a kan jakunkunan iska ne, ran da ɗaya ta huje sai ka tarar da mota ta durƙusa a ƙofar gida kamar raƙumi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Damuwata ita ce yawancin masu sayen nan ba su san rariya suka saya ba.

Sai babbar magana, watau irin man da za a zuba. Tsofaffin manyan motocin da muka sani kusan kome aka ba su sha su ke yi. Injin gas na zamani ba haka ya ke ba. Bakin abin da ke fesa man ƙofofinsa kusan kaurin gashin kai ne, ƙarfin da a ke tura man da shi kuma ya ninka iskar tayar mota sau ɗaruruwa, har ya doshi dubu. Ɗan ruwa kaɗan, ko ƙura, ko kananzir da aka gauraya, ya isa ya lalata famfo da bakunan fesawa gaba ɗaya, a silinda 8 kuwa guda 8 ne. Akwai kuma farar wuta da ke cikin gas tun daga rijiya. Ƙasashen Turai sun rage ta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, motocinsu kuma a kan wannan ma'auni aka ƙera su. Mu a nan mun daɗe doka tana yarda da kashi 3,000. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai su ke haɗa gas mai datti musamman domin Afirka ta Yamma, a 2020 kuma ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa kashi 50. An sami gyara, mun gode Allah. Amma jarkar ɗan bumburutu a bakin hanya ba ta karanta doka, haka ma gas ɗin da a ke dafawa a ɓoye cikin fadamun Neja Dalta.

Me ya sa jif mai kyan gani haka ta ke zuwa da ɗan rangwame? A Satumba 2015 hukumomin Amurka suka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu gas wata dabara ta ɓoye yawan gubar hayaƙinsu a lokacin gwaji, kamfanin kuma ya amsa cewa abin ya shafi motoci wajen miliyan 11 a duniya. Tun daga nan Turawa suka fara juya wa gas baya. Birane irin su Landan suka sa haraji a kan tsofaffin motocin gas masu shiga tsakiyar gari. Abin da suka gaji da shi, shi ne a ke lodawa a jirgin ruwa. Motocin nan suna zuwa da wata matata a cikin salansa mai kama baƙin hayaƙi. Matatar ba ta wanke kanta sai mota ta yi doguwar tafiya ta yi zafi sosai. Mutumin da tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis, ofis zuwa makarantar yara, ran Lahadi kuma sujada, matatarsa toshewa za ta yi. In ya je gareji, abin da bakanike zai ce shi ne, "Yallaɓai, a cire ta kawai a huta." A cire, mota ta tashi, hayaƙin kuma ya koma hancin mai babur da ke bayansa da yaran da ke wasa a tsakar gida sa'ad da a ke ɗuma inji da safe. Tun 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji na huhu.

Kada wani ya ce Malam ya haramta jif. Akwai wanda ita ce daidai da shi. Mutumin da aikinsa ya ke kai shi hawan tsaunin Mambila zuwa Gembu, ko mai kai magani ƙauyukan da sai an ƙetare rafi, ko mai jan kaya a doguwar hanya kowane mako, wannan ya sayi mai gas, zai ci moriyar aukinta da ƙarfinta. Dattawanmu sun tuna Land Rover ta mishan, irin wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Ba ta da kujerar fata, ba ta da sanyi, in ka zauna a baya sai hanjinka ya kaɗu. Amma ta ɗauki buhunan siminti da kwanon rufin ɗakin sujada, ta ɗauki mata masu naƙuda da tsakar dare zuwa Vom da Garkida da Galmi. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin sayenta, gama dalilin yana zaune a bayanta kullum.

Littafi Mai Tsarki bai san mota ba, amma ya san karusa, ita ce kuwa jif ta wancan zamani. A 2 Sama'ila sura 15, sa'ad da Absalom ya fara neman sace zukatan mutane daga wurin ubansa, abin da ya fara tanada shi ne karusa da dawakai da mutum 50 masu gudu a gabansa. Urushalima gari ne na duwatsu da ƙananan hanyoyi, ba inda zai je da ya bukaci wannan duka. Domin ido aka yi ta. A Ayyukan Manzanni sura 8 kuma ga wani babban mutum, ma'ajin sarauniyar Habasha, shi ma a cikin karusa. Tafiyarsa mai nisa ce ƙwarai, ta hanyar hamada, karusar tana da aikin yi. Yana zaune yana karatun annabi Ishaya, sai ga wani matafiyi a ƙasa, da ƙura a ƙafa, yana tambayarsa ko yana gane abin da ya ke karantawa. Bai sa an kore shi ba. Ya roƙe shi ya hau su zauna tare, daga wannan zama kuwa ya sami baftisma. Ina iya cewa karusar Bahabashen ba ta kāsa ta Absalom tsada ba. Tambayar da na kan yi wa mai kujerun fata ita ce, in tsohuwa ta fito daga sujada da ƙullin kayanta, ko yaron maƙwabci ya faɗi ya fasa kai yana zubar da jini, za a buɗe ƙofa, ko za a fara tunanin kujera?

Ekklesiya ma tana da nata a ciki. Yaƙub ya yi mana kashedi a sura ta 2 ta wasiƙarsa game da ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, a bar matalauci a tsaye. Yau ba a duba yatsa, filin ajiye motoci a ke dubawa. In saurayi ya lura cewa ran taron neman gudummawa mai babbar mota a ke kira shugaban taro, ko da bara ya zo garin, shi kuwa dattijon da ya yi shekara 30 yana share ɗakin sujada ba a ko ambaci sunansa ba, to, an riga an koya masa darasi, kuma ya fi na makarantar Lahadi shiga kai. Ga shi kuwa girman da motar ta ke jawowa ba a wurin masu bi kaɗai ya tsaya ba. Waɗanda suka bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da satar mutane ta yi tsanani a kanta sun san cewa masu tare hanya ma suna da ido.

To, 'yar'uwata, ga abin da na gani. Kada ki ce masa ƙarya ya ke yi da ya ce dominku ne. Mai yiwuwa har cikin ransa haka ya gaskata, gama zuciya ta iya yi wa sha'awa ado da tufafin alheri. Kada kuma ki tayar da maganar a gaban yara ko danginsa. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki kawo takarda da fensir, ki ce, "Baban yara, tun da domin mu ne, zo mu lissafta tare." Ubangijinmu da kansa, a Luka sura 14, ya ɗauki zama a yi lissafi kafin a fara gini a matsayin abin da kowane mai hankali ya ke yi. Ku rubuta kilomita nawa ya ke yi a mako, da inda ya ke zuwa. Ku rubuta mai, da juye, da taya, da inshora, da abin da za a riƙa yanka daga albashi. Ku sa kuɗin makarantar yara uku a gefe guda. Sa'an nan ku rubuta filin. Fili ba ya shan mai, ba ya zuwa gareji, shekara biyar kuma in ta wuce shi ya hau, motar ta sauka. In kin ga bakinki kaɗai ba zai isa ba, ki roƙe shi ku je wurin dattijon da ya tsaya muku a ranar aure.

Ki kuma tuna masa cewa tsakanin kujera biyu da babbar jif akwai motoci da yawa. Iyayenmu sun yi renon 'ya'ya bakwai da Peugeot 504 doguwa, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Yau ma akwai motocin iyali masu kujera bakwai, masu shan fetur, waɗanda kowane bakanike a Tudun Wada ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma suna nan a kasuwa. In ya ji wannan ya ce a'a, sai dai waccan, to, ku biyu kun san abin da a ke saye, sai a yi maganarsa da sunansa.

Ga waɗanda suka riga suka saya kuwa, ku sha mai a gidan mai guda da kuka amince da shi, ku canja matatar mai a kan kari, ku riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinta. In yaron gidan mai ya yi kuskure ya zuba muku fetur, kada ku ko murɗa makulli, a tura motar gefe a zuƙe tankin. Abu na ƙarshe ya fi waɗannan duka nauyi a wurina, da ya ke da ƙananan yara na ke wuni. Hancin babbar jif ya fi ɗan shekara huɗu tsawo. Yaro zai iya tsayawa daf da gabanta ko bayanta, direba yana zaune a sama bai gan shi ba ko kaɗan, madubin baya da na'urar hoto kuma ba su nuna kowane lungu. Lokacin da aka tashi daga sujada, sa'ad da 'yan makarantar Lahadi suka watsu cikin fili da gudu, shi ne lokaci mafi hatsari a mako. Kafin ka shiga, ka zaga motar da ƙafarka, ka leƙa ƙarƙashinta. Dattawa kuma su keɓe wa manyan motoci wuri nesa da ƙofar da yara su ke fita, su sa matasa biyu su tsaya a wurin har mota ta ƙarshe ta fice.